Kuɗi a sabon kanti, bashi a kantin Baba

Assalamu alaikum Kawu. Ina rubuto maka ne daga wani gari a ƙasar Ringim, jihar Jigawa. Shekaruna 28, na yi NCE ban samu koyarwa ba, don haka tun da na gama nake zaune a kantin mahaifinmu. Kantin ya girme ni. Da shi Baba ya aurar da yayyena mata uku, da shi ya sauke farali.

Bara bayan ƙaramar salla wani babban kanti mai rassa a birane ya buɗe reshe a bakin titi, kusa da gidan mai. Tayil, gilashi, sanyi, kowane kaya da farashinsa a manne. Katan ɗin taliyar da muke sarowa a kasuwar Singa ta Kano, wani lokacin a kuɗin da muka saro shi suke sayarwa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mutum in yana da kuɗi a hannu sai ya wuce ta gabanmu ya tafi can, ya dawo da ledarsu mai tambari, har ya tsaya ya gaida Baba. Ran da aljihu ya bushe kuwa sai ya aiko yaro wurinmu a rubuta. Na haɗa lissafin littafin bashi, ya haura naira dubu 700, kayan da ke kan kanta ba su kai haka ba. Baba ba ya iya ce wa kowa a'a. Majalisar da ke zama a bencin ƙofar kanti ma ta ragu, saura dattawa biyu ko uku.

Yanzu manajan sabon kantin ya yi mini tayin aiki a sito, albashi dubu 65. Da na gaya wa Baba sai ya ce in je, amma in sani na shiga cikin waɗanda suka zo binne shi. Yau kwana huɗu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Shi so yake su haɗu da sauran masu kanti su kai kuka wurin hakimi. Wani abokina kuma ya ce mu ci bashin banki miliyan biyu mu gyara kantin ya koma irin nasu. Ina da mata da ɗa ɗaya. Kawu, ina mafita?

Ɗan mai kanti, ƙasar Ringim

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya daidaita tsakaninka da mahaifinka, ya sa shirun nan ya tsaya a kwana huɗun.

Bari in fara kawar da maganar abokinka, don ita ce mai saurin kisa. Kada ku ci bashin nan. Ko da babu ruwa a cikinsa ba zan ce ku ci ba, balle na banki. Wanda ya wuce kantinku da kuɗi a hannu ragi ya bi, ba kallon tayil ya je ba. In kun zuba miliyan biyu a daɓe da bango, farashinku yana nan inda yake, abin da kuka ƙara kawai shi ne mai zuwa karɓar kuɗi duk ƙarshen wata. Na rufe wannan.

Farashin kuwa ba za ku kamo su ba, kuma gara ka san dalili don ka samu bakin yi wa Baba bayani. Kantin da ke da rassa da yawa ba ya shiga Singa ya yi layi da ku. Daga kamfani ko babban dila yake ɗaukar kaya, tirela guda, a raba wa rassa. Wanda ya ɗauki tirela ana yi masa ragin da ba a yi wa mai katan ashirin, in ya cika adadin da aka yanka masa a ba shi kamasho a kai, sau da yawa ma a ba shi kayan ya sayar kafin ya biya. Ku kuwa kayan sun bi hannu biyu ko uku kafin su iso gare ku, kowane hannu ya ɗan lasa, sannan ga ɗan dako, ga kuɗin mota daga Kano, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 bai sake komawa yadda yake ba. Bayan haka akwai dabara. Sukan zaɓi kayan da kowa ya san farashinsu a ka, taliya, sukari, man girki, su sayar kusan a uwar kuɗi. Mutum ya shiga don taliya, ya fito da biskit da lemo da man shafawa da turaren da bai taɓa tambayar kuɗinsu a wani wuri ba, a nan suke mayar da abin da suka rasa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kai da za ka kwaikwaye su ka karya farashin taliya, me ke kan kantarka da zai rufe maka ramin?

To, idona a wasiƙarka inda ya tsaya shi ne dubu 700 ɗin nan.

Ina yaro na yi zaman kanti a wurin wani dattijo, Allah ya jiƙansa. Yana da wani littafi mai jan bango da ya sha maiƙon hannu har ya koma ruwan ƙasa, a ƙarƙashin akwatin kuɗi yake ajiye shi. Ba ya rubuta suna sosai, sai dai ka ga “gidan mai unguwa”, “matar direba”, “Malam na masallaci”, “yaron nan mai keke”. Wata rana ba ya nan na buɗe ina bi shafi-shafi, sai na tarar da mutum huɗu da ni kaina na san an binne su, bashinsu yana nan ba a soke ba, ba a biya ba. Da ya dawo na tambaye shi, sai ya ce, “Ai ba na buɗe baya, gaba nake rubutawa.” Kuma a lokacin abin bai kashe shi ba, saboda duk garin a wurinsa ake ciniki. Mai kuɗi a hannu shi ke ɗauke da mai bashi. Riba daga mutum goma da suka biya nan take ita ke rufe mutum uku da suka ce sai kaka.

Abin da sabon kantin ya yi muku ke nan: ya kwashe goman, ya bar muku ukun. Cinikin Baba ƙafa biyu gare shi, an cire ɗaya, shi kuma yana tafiya kamar yadda ya saba. Kuma a wannan zamanin bashi ba ya zama yadda aka bar shi. A ce a watan shuka kun ba mutum kayan dubu goma, ya kawo dubu goman cif bayan an yi girbi. A littafi an biya. Amma ka ɗauki kuɗin ka je Singa, ka ga ko za su sayo maka abin da ka ba shi. A shekarun nan da kaya suka yi ta tashi, mai kanti da yawa ya karye yana ganin kamar riba yake ci, don yana lissafi da kuɗin da ya saro, alhali da kuɗin da zai sake sarowa ya kamata ya yi. Kanta tana raguwa a hankali, layin gwangwani uku ya koma biyu, a ja su gaba don kada a ga ramin baya. Na tabbata ka san wannan ja-gaban.

Saboda haka kafin maganar aiki, kafin maganar hakimi, ku yi ƙidaya. Ku rufe kanti yini guda, ko ku yi da dare bayan isha, ku ƙirga komai har ashana, da farashin da za a sake sayo shi yau. Ku ware abin da ya yi kwantai da wanda wa'adinsa ya kusa ƙarewa. Sannan wata guda cur ka riƙa rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, har sukarin da ake ɗiba a kai cikin gida da sabulun da ƙannenka ke ɗauka, don kantin gida rabin ɓarnarsa ta ƙofar baya take bi. A ƙarshen watan za ka san ko kantin nan yana iya ciyar da gida biyu, naka da na Baba, ko kuwa ɗaya ma da ƙyar. Yanzu kai da shi duk da zuciya kuke magana, ba wanda ya riƙe adadi.

Littafin bashin kuma ba a yi masa kuɗin goro. Akwai wanda da gaske babu, gwauruwa da marayu, tsohon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani ba aike. Waɗannan Alƙur'ani ya ce a saurara musu har su samu, in an yafe ya fi. Ku fitar da su daga lissafin ciniki gaba ɗaya, Baba ya yanke abin da zai iya bayarwa a wata saboda Allah, ya san sadaka yake yi, ya ci ladansa, ya daina kiran abin bashi. Akwai manomin da ke biya duk kaka ba fashi, shekara da shekaru. Wannan dukiya ce, kada ku kore shi, sai dai a sa masa iyaka, kuma in ya fi masa sauƙi ya biya da gero ko riɗi a kan farashin kasuwa na ranar biya, ku karɓa, ku tambayi malaminku yadda za a tsara shi ya fita daga shubuha. Sai kuma na ukun, wanda ka ba ni labari, mai wucewa da leda mai tambari ya tsaya gaisuwa. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ko malamin makaranta ko mai sana'a, albashi ya shigo ya kai can, ya ƙare ya aiko nan. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Wannan ba sai an yi faɗa da shi ba. A ce masa, “Alhaji, a rage na baya tukuna sai a ɗora sabo.” Magana ɗaya, da fara'a, kowane lokaci. Wasu za su yi fushi su ɗauke ƙafa. Wanda ya ɗauke ƙafa a kan wannan, me ya tafi da shi in ba asararku ba?

Na san Baba ba zai iya furta wannan ba. Mutumin da ya shekara talatin ana ce masa mai kirki, bakinsa ba ya lanƙwasuwa ya ce a'a, kuma kada ka tilasta masa. Kai za ka zama bakin. Ya riƙa cewa, “Littafi yana hannun yaro.” Ka ɗauki baƙin jinin, shekarunka za su iya ɗauka, shi a bar masa mutuncinsa. Kuma a rubuta da cikakken suna da kwanan wata da ranar biya. In wani ya ce rubutun rashin yarda ne, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Maganar zuwa wurin hakimi, ban raina ta ba, kuma Baba bai faɗi abin da ba shi da asali ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya wuce Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa, ya ce masa ko dai ya ƙara farashi ko ya tashi daga kasuwar. Wato tun a Madina an san mai karya farashi yana iya cutar da sauran 'yan kasuwa. Sai dai Imamu Shafi'i ya ruwaito cewa Umar ya koma ya yi nazari, ya je ya sami Haɗib ya ce masa maganar ba hukunci ba ce, alheri ya nufa wa mutanen gari, ya sayar yadda ya ga dama. Kuma da kaya suka yi tsada aka roƙi Annabi ya yanka farashi, bai yanka ba. Malamai sun daɗe suna tattauna wannan, ni ba zan raba musu gardama a shafin nan ba. Abin da na sani shi ne hakimi ba shi da ikon rufe kantin da ya yi rajista yake biyan haraji, kuma ran da labari ya zaga gari cewa masu kanti sun je neman a ƙara wa talaka kuɗin sukari, ragowar masu zuwa wurinku ma za su kalle ku da wani ido.

Don gaskiya, ɗana, mutanen garinku ba maciya amana ba ne. Magidancin da ke da baki goma a gida, in ya ga ragin ɗari uku zai bi, kai ma za ka bi. Kuma akwai abin da sabon kantin ya kawo da ya kamata mu masu ƙananan kantuna mu ji kunyarsa: farashi ɗaya ga kowa, yaro da babba, ɗan gari da baƙo, ga rasit. Mu nawa ne muke duban fuskar mutum kafin mu faɗi kuɗi? Inda kukan Baba yake da gaskiya shi ne abin da ba ya fitowa a rasit. Ribar kantinsa a garin take kwana. Ita ce gudummawar biki, ita ce likkafanin wanda ya rasu ba a shirya ba, ita ce zakkar da ake rabawa a unguwa, ita ce cinikin mai ƙosai da tela da mai gyaran mashin. Cinikin reshe kuwa da yamma ake tura shi asusu a birni, abin da ke saura a gari albashin yaran da aka ɗauka ne da kuɗin haya. Gari yana samun sauƙi a aljihu, yana rasa wurin da ake zuwa a ce “a taimaka” ba tare da takarda ba. Ba a gane girman wannan rashin sai shekarar da damina ta ƙi.

Abin ba a kanku aka fara ba. A Amurka Sam Walton ya buɗe kantin Walmart na farko a 1962 a wani ƙaramin gari, Rogers, a jihar Arkansas, kuma da gangan ya riƙa bin ƙananan garuruwan da manyan kantuna suka raina. Wani masanin tattalin arziki, Kenneth Stone, ya bi diddigin abin da ya faru a garuruwan jihar Iowa bayan zuwansa. Abin da ya gano ya shafe ku kai tsaye: masu sayar da irin kayan da babban kantin ke sayarwa su suka sha kashi, masu sayar da abin da babu a can kuwa wasu har ƙaruwa suka yi da mutanen da kantin ya jawo garin, sannan ƙananan garuruwan kewaye sun fi garin da aka buɗe kantin jin jiki. A nan gida ma, kalmar kanti da muke tutiya da ita daga bakin Turawa muka same ta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin da ya ratsa ta Ringim ya kai Nguru a 1930, kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa, irin su John Holt da UAC, suka bi dogo suna kafa kantuna, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir. Fataken wancan lokacin ma sun ga abin da Baba ke gani yau. Waɗanda suka tsira su ne suka nemi gurbin da Bature ba zai iya shiga ba, suka shiga ƙauye suka zama su ne hannun da kaya ke bi. Alhassan Dantata ta wannan ƙofar ya bi a cinikin gyaɗa har ya zama abin da ya zama. Kuma manyan ma ba su dawwama. Kantin Kingsway na UAC da aka buɗe a Legas a 1948, yau sai a bakin tsofaffi. Shoprite ya shigo Kano a 2014 a Ado Bayero Mall, mutane har daga ƙauyuka suna zuwa ɗaukar hoto, uwar kamfanin ta Afirka ta Kudu ta sayar da harkarta ta Najeriya a 2021, reshen Kano ya rufe a farkon 2024. Singa tana nan, kasuwar Gujungu tana ci duk Lahadi. Ban faɗi wannan don ku zauna jiran maƙwabcinku ya faɗi ba. Mai yiwuwa ya shekara ashirin. Janareta da albashi da haya nauyi ne a wuyansa da ku ba ku da shi, iyakar abin da nake nufi ke nan.

Gurbin naku yana ina? Ka tsaya ka dubi wanda ba zai taɓa tura ƙofar gilashin nan ba. Matar aure da ke cikin gida tana tuyar awara ko ƙosai, mai aiko yarinya da naira ɗari biyu a ƙulle a bakin zane: man gyaɗa na ɗari, magi na hamsin, gishiri na hamsin. Babban kanti ba ya ƙulli, ba ya awo da gwangwani, ba ya buɗe jarka ya zuba rabin kwalba. Mai shayin da ke son madara da sukari da ganyen shayi tun kafin a fito sallar asuba, lokacin mai gadinsu ma bai farka ba. Ƙauyukan da ke bayanku, inda kuɗin mashin zuwa bakin titi ya cinye ragin da za a samu. Waɗannan naku ne, in kun je musu. Ka karɓi lambobin masu shayi da masu tebur na ƙauyukan, su kira da dare, ƙaninka ya kai musu da safe a mashin, su biya ta taransifa ko POS. Ribar ƙulli ƙanana ce a ido, amma in ka auna mudu guda na sukari da aka ƙulla da wanda aka sayar a dunƙule za ka ga inda kuɗin yake. Sannan kayan da ba su zuwa a katan: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa na matan gari, gero da wake a mudu. Ku rage jibge kuɗi a katan-katan ɗin da suka fi ku arha a kai, ku ajiye kaɗan don kada a tambaya a rasa.

Zan faɗi wata da Baba ba zai so ji ba. Ran da suka yi garaɓasa, farashinsu ya sauko ƙasa da na Singa in an haɗa da kuɗin mota, ka shiga ka saro a wurinsu. Ka ɗauko katan biyar ka zo ka ƙulla. Sun zama dilanka da ya kawo maka kaya har ƙofar gida, ba ɗan dako ba lodi. In kunya ce, aiki yaro.

Taron da Baba yake son haɗawa kuma, kada ka hana shi, ka juya masa akala. Masu kanti biyar ko shida da za su je gaban hakimi, in suka haɗa kuɗin sari suka tura mutum ɗaya Singa da mota ɗaya, sun tashi daga masu katan ashirin sun koma masu katan ɗari, dila zai saurare su da wani kunne, kuɗin mota ya rabu. Wahalarsa amana ce, kuma na ga irin wannan haɗakar ta watse a kan buhu ɗaya da ba a san inda ya shiga ba. A fara da kaya kala biyu ko uku, a rubuta abin da kowa ya zuba a gaban kowa, a riƙa karɓa-karɓar mai zuwa sari. Baba shi ne babba a cikinsu, a ba shi shugabanci. Mutumin da yake jin an ture shi gefe, ka ba shi abin da zai jagoranta.

Saura aikin. Ra'ayina, in ƙidaya ta nuna kantin ba ya ɗaukar gida biyu, kuma ina zaton abin da za ta nuna ke nan, ka karɓa. Aikin halal ne, kana da iyali, kuma albashinka zai sauke wa kantin nauyin tukunyarka, wanda shi kansa jari ne ka mayar masa. Amma ka shiga da ido biyu. Ka tambayi ƙarfe nawa ake shiga, ƙarfe nawa ake tashi, ranar hutu, da lokacin salla. Ka tambaya musamman: in kaya suka ɓata ko suka fashe a sito, wa ke biya? Wurare da yawa daga albashin yaro ake cirewa, sai wata ya ƙare ka ga dubu 65 ta koma 40. A ba ka sharuɗɗan a rubuce. In sa'o'in za su cinye ka tun safe har goman dare, to duk abin da na lissafa a sama babu mai yi, sai in ƙaninka ya isa ya riƙe littafi; wannan kai ka san gidanku. Ka sa wa kanka wa'adi, shekara guda misali, ka koyi yadda suke ƙidayar kaya, yadda suke fitar da tsoho kafin sabo, abin da ke tafiya a azumi da abin da ke tafiya a kaka. Ilimin da idonka ya gani naka ne. Sirrinsu da aka ba ka amana kuwa, takardun farashi da na diloli, ba naka ba ne, kada ka kwaso wa Baba, kada kuma ka kai musu labarin masu cinikinsa.

Sai dai kada ka fara ranar farko Baba yana cikin wannan fushin. “Je ka” ɗin da ya ce maka ba izini ba ne, kai ma ka sani. Kuma ba dubu 65 ce ta ɓata masa rai ba. Yana zaune yana kallon garin da ya ciyar a bazara talatin yana wucewa ta gabansa da leda, bencinsa yana yin fili, sai ga ɗan da yake ganin shi zai gaji kujerar ya zo yana cewa shi ma can za shi. Ka roƙi manajan ya ba ka mako biyu ko uku. In yana son ka da gaske zai jira. Ka sami ƙanin Baba ko amininsa, cikin dattawan nan da suka rage a benci, ka fara yi masa bayani shi kaɗai. Ran da za ka zauna da Baba kuma kada ka buɗe da maganar aiki. Ka ɗauko littafin bashin bayan isha, ka durƙusa, ka ce, “Baba, so nake ka gaya mini su wane ne waɗannan, don ni ban san su kamar yadda ka san su ba.” Zai yi magana. Kowane shafi yana da labarinsa, wanda aka yi wa haihuwa, wanda gobara ta ci, wanda ya ci amana tun zamanin tsohon kuɗi. Ka bar shi ya yi ta yi, kai kana sa alama a gefe da fensir. Shi da kansa zai raba maka su kashi uku kafin ku kai tsakiyar littafin. Maganar aiki ta jira dare na biyu ko na uku, kuma amininsa ya kasance a wurin.

In kun gama ƙidayar ka sake rubuto mini da adadi biyu: kuɗin kayan da ke kan kanta, da abin da ya rage a littafi bayan an cire na sadaka. Duk abin da za ku sauya a cikin kantin kuma, bencin ƙofa kada ka taɓa shi, ko da ya tare hanyar sauke kaya. A zagaya da katan ta gefe.

Kawu